Sun ce na rame, facalata ta kawo mini sha-ka-fashe

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 24, wata takwas ke nan da aurena. Tun ina budurwa siririya ce ni, haka mahaifiyata take, haka yayyena. Gidan da aka kawo ni kuwa matansu duk masu jiki ne. Duk ranar da muka je gaida Hajiya, mahaifiyar mijina, kafin in gama durƙusawa za ta ce, "Wai ke ba kya cin abinci ne? Kullum sai ƙara bushewa kike yi." Ƙannen mijina sun sa mini suna sillen kara, ranar wani suna ma ɗaya daga cikinsu ta ce a gaban mutane gara in je a auna jinina. Facalata da ta riga ni shigowa ta yi ɓul-ɓul, fuska ta cika, kowa na cewa aure ya karɓe ta. Ita ta gaya mini a ɓoye cewa kusan shekara guda ke nan tana shan sha-ka-fashe, ta ba ni ƙwayoyi ƙulle a leda da kwalbar maganin ruwa. Ban fara sha ba. Watan jiya an auna ni a asibiti, kilo 54, tsayina santimita 162, kuma ɗinkunan lefena har yau daidai suke mini. Amma yanzu ko madubi na duba sai in ga kamar gaskiyarsu ce. Hajiya ta fara cewa ramar ce ta hana ni samun ciki. Mijina yana cewa a haka na yi masa, amma a gabanta ba ya cewa uffan. Anti, in sha ne in huta?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki sha. Na fara da wannan ne don ban sani ba ko za ki kai ƙarshen amsar nan kafin dare ya yi, ga ledar kuma tana kusa da ke. Ki fitar da ita daga ɗakin kwananki, amma kada ki zubar tukuna, akwai aikin da za ta yi mana, zan zo kansa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma na san da wannan maganar za a kare Hajiya idan kika yi musu. Maganar gaskiya ce a inda aka yi ta. Mai awon hatsi a kasuwar Dawanau zai kalli tarin gero ya gaya miki mudu nawa ne, da wuya ya kauce da yawa. Amma ki tambayi kanki yadda idonsa ya kai ga haka. Ya yi kintace sau dubbai, kuma duk lokacin da ya kintata, mudu yana nan a gefe yana gyara masa kuskurensa nan take. Dillalin kara ma da ya tsufa cikin dabbobi ba ya sayen ragon layya da kallo kawai. Sai ya dafa gadon baya, ya taɓa ƙirji, ya matsa gindin wutsiya, domin ya san ragon da aka ba gishiri ya ɗirki ruwa da safe yana cika ido alhali babu nama a jikinsa. To su waɗanda suke auna ki da ido, yaushe suka taɓa kintatar nauyin mutum sannan suka ɗora shi a sikeli don su ga ko sun dace? Ba su taɓa ba. Idon da ba a taɓa nuna masa kuskurensa ba, ba shi da hanyar sanin ƙima, abin da ya saba gani kawai yake bi.

Wannan sabon shi ne tushen matsalarki, kuma masana sun daɗe suna bincike a kansa. Ido ba ya ɗauke da wani ma'auni tsayayye a cikinsa. Yana tara siffofin jikunan da yake gani kullum, ya fitar da matsakaici daga cikinsu, sannan duk wanda ya zo gabansa ya gwada shi da wannan matsakaicin. An sha gwada wannan a ɗakunan bincike: a nuna wa mutane hotunan sirara na 'yan mintuna, sai mai matsakaicin jiki ya koma mai ƙiba a idonsu; a nuna musu hotunan masu ƙiba, sai shi wannan mutumin dai ya koma ramamme. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Liverpool ta Ingila, Eric Robinson, ya yi shekaru yana nuna cewa a wuraren da ƙiba ta yawaita mutane sun daina ganinta, har iyaye na kallon ɗansu da likita ya ce nauyinsa ya wuce kima su ce ai daidai yake. Ki ɗauko wannan ki ajiye a tsakar gidan surukanki. Hajiya tana buɗe ido a kan 'ya'yanta masu jiki, 'yan uwanta masu jiki, ita kanta mai jiki. Matsakaicin da ke cikin idonta ya fi na gidanku nauyi da kilo mai yawa. Da a ce facalarki aka kai gidanku, wataƙila yayyenki ne za su riƙa yi mata maganar rage cin tuwon dare.

Akwai wani abu kuma da ido ke yi wanda ya shafe ku ku biyu. Gwargwadon girman abu, gwargwadon yadda ƙari ko ragi ke ɓuya a cikinsa. Kilo 3 a jikin mai kilo 54 kowa zai gani, a wuya da ƙashin wuya zai fito. Kilo 3 ɗin nan a jikin mai kilo 90 ko mijinta ba lallai ya lura ba. Shi ya sa ke in zazzaɓin kwana uku ya taɓa ki gida zai ɗauka, ita kuwa tana iya hawa daga 80 zuwa 95 ana ta yi mata barka. Ga tufafi: atamfa mai sitati da ɗinki mai faɗi suna ƙara wa mace cika, yadi mai santsi da ke bin jiki yana rage ta. Ga hoton waya: kyamarar da aka riƙe dab da fuska tana kumbura abin da ya fi kusa da ita, ta tsuke na nesa, shi ya sa hotonki na safe da na yamma suke zama kamar na mata biyu.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne maganar madubi. Kin ce yanzu ke ma kina ganin ramar. Ƙanwata, idonki ma ido ne, irin na Hajiya, kuma wata takwas ke nan yana koyon sabon matsakaici a cikin dangin mijinki, ga kunne yana taya shi da sillen kara safe da yamma. Ba jikinki ne ya sauya ba, shaida tana cikin akwatinki. Tela ya auna ki da tef kafin biki, ya yanka yadi a kan wannan awon, yau kuma rigar tana zama miki yadda ta zauna ranar. Yadi ba ya jin maganar dangi. Na fi yarda da zif ɗin rigar lefenki a kan duk idanun da suka taru ranar sunan nan.

Bari mu yi lissafin da likita zai yi. Ana ɗaukar tsayi a mita a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyi da abin da ya fito. Naki 1.62 sau 1.62 ya ba da kusan 2.62, a raba 54 da shi, an sami 20.6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda lissafinsa ya gaza 18.5 shi ne nauyinsa ya yi ƙasa, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 an fara wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin barazana ga lafiya. A tsayinki, ko'ina tsakanin kilo 49 da 65 cikin daidai kike. Kin ga ba a bakin gaɓa ma kike ba. Wannan lissafin ba wahayi ba ne, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a shekarun 1830 daga awon Turawa, kuma ba ya bambanta tsoka da kitse, shi ya sa yana iya kiran ɗan dambe mai ƙiba. Don haka likitoci ke haɗa shi da awon ƙugu, wanda ko tef ba sai kin nema ba. Ki yanki zare daidai tsayinki, ki ninka shi biyu, ki zagaya shi a cikinki tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu. In bakin zaren biyu sun haɗu, kitsen ciki bai yi yawa ba. A wurinki wannan na nufin ƙasa da santimita 81. Ina so ki riƙe wannan dabarar, don akwai waɗanda za ta fi yi wa amfani a gidan fiye da ke.

Ba ina cewa rama ba ta taɓa zama alamar ciwo ba. Tana zama, kuma abin da likita ke dubawa shi ne sauyi, ba siffar da aka haifi mutum da ita ba. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya nema ba, a wurinki kusan kilo 3 ke nan, ya kamata a bincika shi. Haka wanda yake tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare, don tarin fuka yana cin jiki, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Haka mai yawan ƙishirwa da yawan fitsari, don ciwon suga ma yana ramarwa. Haka mai faɗuwar gaba da rawar hannu da jin zafi kullum ga ci kamar gara amma jiki na zubewa, wannan sau da yawa daga wata halitta ce da ke gaban maƙogwaro. Haka wadda al'adarta ta ɗauke ko ta rikice. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tare da ke, kina cin abincinki, kina aikinki, kina barci, to siririya ce ke mai lafiya. Abu ɗaya zan so ki duba in kin koma asibiti, shi ne yawan jininki. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, alhali waɗanda nauyinsu ya gaza kashi 12 ne, waɗanda nasu ya wuce kima kuma kashi 28. Ƙarancin jinin nan yana jikin siririya yana jikin lukuta, kuma babu surukar da ke gano shi daga kan kujera.

Maganar da ƙanwar mijinki ta yi a gaban mutane kuwa, na san inda ta dosa, ke ma kin sani. Ki lura da sunan da muka ba wannan cutar da Hausa: ƙanjamau, daga ƙanjamewa. A Yuganda ma da cutar ta ɓulla a shekarun 1980 sunan siranta suka sa mata. Tun daga lokacin aka ɗaura wa duk siririn mutum zargi a wuya, alhali mai ɗauke da ƙwayar cutar yana iya shekaru da jikinsa a murje, kuma gwajin jini kaɗai ke faɗa. Abin da ta yi cin mutunci ne, kuma jifa ne da zato. Ba na so ki rage masa nauyi a zuciyarki da cewa wasan dangin miji ne. Wasa yana da iyaka, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta ambaci mata da sunansu, ta hana wasu mata yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi.

Yanzu ga ledar. Abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe yawanci abu biyu ne, wani lokaci a haɗe. Na farko, wanda ya fi zuwa a kwalba, yana ɗauke da sinadarin cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da borin jini ne wanda yake buɗe ciki kuma ya saukar da barci mai nauyi. Mace ta ci ta kwanta, ta tashi ta ci ta kwanta. An samu waɗanda ya taɓa musu hanta, kuma a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan ɗaya daga cikin irinsa da ya yi suna, Apetamin. Na biyu, ƙananan ƙwayoyin, sau da yawa dexamethasone ne ko ɗan uwansa prednisolone. Magani ne mai daraja a hannun likita, ana ba mai asma da ta tsananta, kuma a 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford sun nuna yana ceton ran masu korona da numfashinsu ya sarƙe. Amma in aka ɗauki watanni ana shansa, abin da yake yi wa jiki ba ƙiba ba ce irin wadda abinci ke kawowa. Yana riƙe ruwa da gishiri a jiki. Yana kwashe kitse ya tara a fuska da ƙeya da ciki, yana cinye tsokar hannu da cinya. Fuska ta yi zagaye kamar faranti, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi laushi ta fara tsagewa da nankarwa mai faɗi. A ciki kuma suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, garkuwar jiki na faɗuwa har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa, ido ma yana iya samun yana, al'ada ta rikice. Wannan fuskar da ta cika, wadda ake nuna miki ana cewa aure ya karɓi facalarki, ita ce alamar farko da likita zai gani ya tsorata.

Na taɓa ganin yadda yabon ido ke kai mutum bakin kabari, shi ya sa ba na iya ɗaukar wannan magana da sauƙi. Wata 'yar uwata tana da cikin fari wata bakwai, fuskarta ta cika, zobe ya ƙi fita daga yatsa, takalmi ya matse. Duk wanda ya shigo sai ya ce ciki ya karɓe ta, ta yi kyau, ta yi fresh ɗin masu hutu, ni ma ina cikin masu faɗa. Kumburi ne. Jininta ne ya hau, ba wanda ya auna, sai da jijjiga ta kama ta da tsakar dare aka kwashe ta zuwa asibiti. Allah ya tashi kafaɗunta, jaririn bai zo da rai ba. Haka yaron da yunwa ta kumbura wa ƙafafu da kumatu yake yi wa wanda bai sani ba kama da ƙosasshe, shi ya sa ma'aikatan lafiya ba sa tsayawa kallo, sai su danna bayan ƙafarsa da yatsa su ga ko zai lotsa, su zagaya tef mai launi a damtsensa, in ya gaza santimita 11.5 su san yana cikin haɗari. Tun daga daren nan ban ƙara yi wa kowa barka da cikar fuska ba sai na tambayi lafiyarsa.

Game da haihuwa, wata takwas ba jinkiri ba ne. Likitoci ba sa fara binciken rashin samun ciki ga mace mai shekarunki sai an shekara ana tare babu tsarin iyali, kuma in lokacin ya yi ku biyu ake dubawa, don matsalar tana iya kasancewa ta ɓangaren namiji kamar yadda take iya zama ta mace. Gaskiya ne rama mai tsanani tana iya tsayar da al'ada, amma ke ba a nan kike ba, kuma ƙiba mai yawa ma tana hana ƙwai fita a kan lokaci. Abin da zai iya dagula miki al'adar da ke tafiya daidai yanzu yana cikin ledar nan.

To me ya sa Hajiya ta kafe? Ban yi zaton ƙiyayya ba ce, kuma zai taimake ki ki gane abin da take tsoro. A wurinmu jikin amarya takardar shaida ce da ake karanta wa miji da gidansu. In ta murje, an ce yana ciyar da ita, hankalinta a kwance yake, gidan mutunci aka kai ta. In ba ta ƙara ba, an ce akwai abin da ake ɓoyewa. Wannan tunanin ya fito ne daga zamanin da cikar rumbu ke raba mai rai da mamaci, kuma iyayenmu da suka ga farin shekarun 1973 da 1984 ba a littafi suka karanta rama ba. Ba mu kaɗai ba ne. Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa a yi mata kiwo kafin aure, a Muritaniya har ɗura ake yi wa 'yan mata da nonon raƙumi da gero. A tsibirin Fiji ma cikar jiki ce kyau, sai da talabijin ya isa wani yankinsu a 1995, cikin shekara uku masu bincike suka tarar 'yan mata sun fara ƙin abinci don su yi kama da matan da suke gani a akwatin. Yau a gari ɗaya za ki samu wata tana shan sha-ka-fashe, maƙwabciyarta tana shan shayin rage tumbi, kowacce tana gudun bakin mutane. Idan Hajiya ta ce ba kya cin abinci, rabin maganar tana nufin: kada danginki su ce ɗana ya gaza.

In wani ya kawo miki hujja da cewa ai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin mahaifiyarta ta nemi ta yi jiki kafin ta tare, ruwayar tana nan a Abu Dawud da Ibn Majah, kuma abin da aka ba ta kokwamba ce da ɗanyen dabino. Abinci ne, ba ƙwayar da ke rusa ƙashi ba. Ni kuma ruwayar da nake so ki riƙe ita ce ta Abdullahi ɗan Mas'ud, wadda Imam Ahmad ya kawo. Ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska tana kaɗa shi saboda rashin nauyi, sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su abin da suke wa dariya, suka faɗa, sai ya rantse cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Bai ce wa Ibn Mas'ud ya je ya yi ƙiba ba, masu dariyar ya gyara wa ido.

Wanda ya kamata ya yi wannan gyaran a gidanku mijinki ne. "A haka kika yi mini" da yake faɗa a ɗaki magana ce mai daɗi, amma ba a ɗaki ake yanka ki ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a hanyar dawowa daga gidan Hajiya kina kuka ba. Ki nuna masa katin asibitin, ki nuna masa ledar, ki gaya masa har an kai inda kika yi tunanin sha. Yawancin maza ba su san nisan da maganar mata ke kaiwa ba sai sun ga abu a tafin hannu. Sannan ki roƙe shi abu biyu ƙayyadaddu. Ya samu Hajiya shi kaɗai, ba a gabanki ba, ya ce mata, "Hajiya, likita ya auna ta ya ce lafiyarta ƙalau, haka jinin gidansu yake, kuma ni ba na so ta sha komai." Ya kuma tsawata wa ƙannensa, musamman mai maganar auna jini, don wannan hurumin yaya ne, ba na matar yaya ba. In mahaifiyarki ko wata gwaggonki mai irin jikinku za ta kai wa Hajiya ziyara, ta yi mata godiya a kan yadda ake riƙe da ke, ta ce cikin raha ai mu haka muke ko buhu muka cinye, za ki ga rabin maganar ta mutu, don tsoron da ke ƙarƙashinta an cire shi.

Ke kuma kada ki yi musu da Hajiya, kada ki karanta mata lissafin da na yi miki. In ta ce kin bushe, ki ce, "Lafiyata ƙalau Hajiya, alhamdu lillahi, a ci gaba da sa mana albarka." In ta zuba miki abinci ki ci a gabanta gwargwadon cikinki, ki yaba miyar. Kullum amsa ɗaya, murya ɗaya, har maganar ta gaji.

In kuma ke da kanki, ba don bakin kowa ba, kina sha'awar ƙara kilo biyu ko uku, babu laifi, kuma hanyar tana cikin kicin ɗinki: fura da nono mai kauri, kunun gyaɗa, ƙwai, wake, alale, dabino da madara, ridi, ayaba, ɗan abin taɓawa tsakanin abinci da abinci. Rabin kilo a mako ya isa matuƙa. Ki riƙa hawa sikeli ɗaya, da safe, sau ɗaya a mako ko biyu, don nauyin mutum yana iya motsawa da kilo ɗaya ko biyu a yini guda saboda ruwa da abinci. Amma ki sani wasu jikunan ba sa karɓa, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma in naki ya tsaya a 54 bai yi miki laifin komai ba.

Saura facalarki, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a cikin wasiƙar nan. Ba mugunta ta yi miki ba, abin da ya tsame ta daga bakin dangi ta miƙo miki. Kada ki tona ta a gaban kowa. Kada kuma ki ce mata ta watsar da maganin yau, wannan yana da muhimmanci ƙwarai. In dexamethasone take sha kusan shekara, wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda, waɗanda ke samar da irin wannan sinadarin a jiki, sun riga sun yi barci, kuma in aka yanke maganin kwatsam jini na iya faɗuwa, amai da kasala su rufe ta, har ta suma, har a rasa rai. Likita ne zai riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Ki same ta ku biyu, ki tambaye ta ko tana ganin nankarwa a ciki da cinya, ko tashi daga tsugune ya fara yi mata wuya, ko al'adarta tana zuwa daidai, ko tana yawan jin ƙishirwa. Ki ce kin tambaya an gaya miki abin da ke ciki, kuma za ki raka ta. Ku tafi da ledar da kwalbar yadda suke don likita ko mai harhaɗa magunguna ya ga ainihin abin da take sha, ku nemi a auna hawan jininta da sugarta a ranar. Ki sake rubuto mini bayan kun dawo, ina so in ji abin da aka ce mata.